Tafiyar Wuni Ɗaya

Bakin iyaka,
Talata, 4 ga Yuni, 2024

Zuwa ga Ya Modu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne saboda tun jiya nake kiran wayarka ba a ɗauka. Suma'ila direba, wanda ka haɗa ni da shi a tasha, shi zai kawo maka wannan.

Abin bai tafi yadda muka shirya ba. Na yi kamar yadda ka ce. Da muka iso shingen Nijar na sauka, na shiga biro, wato ofishinsu, na miƙa fasfona na Sudan. Shef, babban jami'in wurin, ya daɗe yana juya shi. Ya ce bizata ta ƙare tun watan Maris. Na ce na sani, mijina ya rasu a Janairu, takaba nake yi, wata huɗu da kwana goma ban taka ƙofar gida ba, biza kuwa ta wata uku ce. Ya yi mini ta'aziyya. Sau biyu yana tambayata, “Hajiya, fita kike so ki yi?” Na ce e, yayan mijina ya ce in fita in dawo, sai a buga mini sabuwa. Ya dube ni, ya buga hatimin fita.

Na taka da ƙafa zuwa shingen Najeriya. Can suka ce ba ni da bizarsu, ba zan shiga ba. Na juyo. Nan kuma suka ce na riga na fita, su ba sa ba da biza a kan iyaka. Yanzu ina tsakanin shingen biyu, a rumfar wata mai sayar da abinci.

Shef ya ce akwai hanya. In babba a gidan mijina, wato kai, ya rubuto cewa shi ne mai masaukina, kuma ina da iyali a ƙasar, aka buga wa takardar hatimi a meri, ofishin magajin gari, zai kai maganar sama ko a bar ni in wuce in gyara takarduna. Don Allah, Ya Modu, ka hanzarta.

Na ce wa ƴata Kaltuma zan dawo kafin la'asar. In hadari ya taso a sa wani ya riƙe ta. Tun barin wutar da muka gani a Umdurman ba ta bambanta tsawa da bindiga.

Ka gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Maryama


Birni, Damagaram,
Alhamis, 6 ga Yuni

Maryama,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta, na kuma yi mamaki.

Na ɗaya, ina so mu gyara magana. Ban ce ki fita ba. Na ce ki je iyaka ki ga abin da zai yiwu. Idan ma'aikaci ya tambayi mutum sau biyu, mai hankali yakan tsaya ya yi tunani.

Na biyu, takardar da kike nema ba a tsaye ake rubuta ta ba. Za a nemi shaidar aurenki da ƙanena Rashid, Allah ya jiƙansa, ke kuma kin ce ta ƙone tare da gidanku. Dosiye takardu ne, ba ya tafiya da hawaye. Zan bincika, amma hidimar Sallah ta gabato, ma'aikata ba sa zama.

Na uku, kada wani ya ruɗe ki da hanyar daji. Sunanki ya shiga rajista. In jandarma suka kama ki, ba ni da bakin da zan sa.

Kaltuma lafiyarta lau. Tana ci, tana wasa da ƴaƴana, tana zuwa karatu lakwal. Gidan ubanta take, ba ta rasa kome ba.

Haƙuri shi ne maganin zaman duniya. Allah ya kawo sauƙi.

Alhaji Modu Yunusa


Bakin iyaka,
Laraba, 19 ga Yuni

Ya Falmata,

Sallama da gaisuwa, da barka da Sallah. Ina fatan kin samu hutu daga ɗalibanki na Tirmini kin shigo gida. Ke ce kika zauna da ni kwana arba'in bayan rasuwar ƙanenki, shi ya sa na ga ke zan tambaya.

Yau kwanana goma sha shida a nan. Ina kwana a rumfar wata baiwar Allah, Delu, ina wanke mata kwanuka. Daga safe zuwa magariba ina zaune ina kallon mutane suna wucewa, mata da awaki, tsofaffi da buhun gyaɗa, amare da ƴan rakiyarsu. Ba mai nuna takarda. Ɗaga hannu suke yi su ce “sannu da aiki” su wuce. Delu ta yi mini dariya har da riƙe ciki. Ta ce, “Ke da Hausa a bakinki, da zane irin namu, wa ya aike ki fito da littafi? Da kin yi zamanki a Birni har ki tsufa ba mai tambayarki.” Na ce kakana daga Guna ya tashi da ƙafa zai je Makka, ya tsaya a bakin Nilu, ko ƙyallen takarda bai riƙe ba. Ta ce, “To shi ya fi ki wayo.”

Ba zan ɓoye miki ba, na nemi hanyar daji. Na je wurin masu babur. Babbansu, Ɗanƙarami, ko kallona bai yi ba. Ya ce, “Hajiya, an aiko mana. Wanda ya ɗauke ki ya bar cin abinci a wannan iyaka.” Na ce wa ya aiko? Ya ta da babur ɗinsa.

Jiya shef ya kira ni ya ba ni naman layya. Ya tambaye ni sunan wanda ya turo ni. Da na faɗa sai ya ajiye kofin shayinsa. Ya ce, “Alhaji Modu? Wanda ya shekara ashirin da biyu yana fitar wa ƴan kasuwa kaya a nan? Shi ya ce ki zo iyaka ki sabunta biza?”

Ya Falmata, ki dubi Allah ki gaya mini abin da ake ciki. Na rubuta masa sau uku, amsa ɗaya na samu. In na kira wayar matarsa sai a ce yarinya ta fita.

Rigar Sallarta tana ƙasan akwatina, shuɗiya, hannu ɗaya ban gama kalmasa ba. An sa mata?

Taki,
Maryama


Tirmini,
Lahadi, 23 ga Yuni

Maryama ƴar'uwata,

Amin wa alaikis salam. Kwana biyu takardarki tana cikin jakata, na kasa ɗaukar alƙalami. Allah ya gani.

Ya Modu ya sani. Ba ɓatan kai ya yi ba.

Kin tuna ranar da kika fita takaba, muna zaune a tsakar gida, kika ce ɗan'uwanki Ali ya samu wuri a Masar yana cewa ku taho? Ke hira kika yi. Ya Modu bai ɗauke ta hira ba. Washegari ya tara mu, ni da shi da kawunnanmu biyu. Ya ce Rashid ya tafi karatu ya dawo da matar da ba wanda ya je neman aurenta, wannan ya wuce, amma ƴar da ya bari ita kaɗai ce jininsa a duniya, ba za a kai ta inda ba mu san ƙofa ba. Ya ce yarinya ƴar shekara bakwai in ta yi mafarki da Larabci take kuka. Kawu ɗaya ya ce ai shari'a uwa take ba wa riƙo. Ya Modu ya ce, “Uwar da take nan.”

Ban gane ba a lokacin. Ko in ce na gane, na yi shiru. Da safen da kika tafi, kin tuna na zaunar da Kaltuma na fara mata kitso don kada ta bi ki? Shi ya ce in yi. Hannuna ne ya riƙe kanta kina fita. Ki yafe mini in kina iyawa, ni ban iya ba.

Kafin azahar an kwashe ɗakinki. Kayanki suna cikin buhu biyu a zaure. Rigar ba a sa mata ba, an ɗinka musu iri ɗaya da ƴaƴansa.

Kwana uku Kaltuma tana zama a bakin ƙofa. Ran na huɗu ya gaya mata kin koma ƙasarku, za ki aiko in yaƙi ya ƙare. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, “Da takalmin gida ta tafi.” Bayan Sallah ya kai ta ƙauye wurin dangin matarsa, wai ta sha iska. Bai gaya mini wane ƙauye ba, don ya ga fuskata.

Na yi masa magana. Ya ce in ina son in ci gaba da shiga gidan ubana in kama bakina. Kin san ni ba miji gare ni ba, ba ɗa. Ba ni da abin da zan tsaya a kai.

Na ba Suma'ila zane biyu da sabulu da maganin sauro ya kawo miki. Kada ki ce ni na gaya miki.

Falmata


Birni, Damagaram,
Alhamis, 27 ga Yuni

Maryama,

Bayan sallama. Takardarki ta ranar Litinin ta iso. Kalmomin da ke cikinta ba zan maimaita su ba, na ɗauke su a zafin rai. Na kuma san daga inda labarin ya fito.

Tunda kin fi son magana a fili, ga ta. Ba zan sa hannuna in shigo da ke ba alhali gobe kina iya ɗaukar ƴar ƙanena ki haye da ita. Amma ni ba azzalumi ba ne. Ga takarda nan a cikin ambulan, da Faransanci, na sa an fassara miki a baya. Tana cewa ke, Maryama, da yardarki, kin bar riƙon Kaltuma Rashid a hannuna har ta yi aure. Ki sa hannu a gaban shaidu biyu, su ma su sa, da lambar katinsu.

In ta dawo mini, hankalin kowa ya kwanta, sai mu dubi maganar shigowarki. Zama kusa da ƴa ai ya fi riƙo a takarda.

Shawara ta rage gare ki. Damina ta kankama, na ji rumfunan wurin suna yoyo.

Wassalam.

Alhaji Modu Yunusa


Bakin iyaka,
Litinin, 1 ga Yuli

Ya Modu,

Assalamu alaikum. Ga takardarka, na sa hannu.

Delu ta hana ni. Ta ce wanda ya haƙa maka rami ba ya miƙo maka igiya sai ta rataya. Shef ma da na roƙe shi ya zama shaida ya ƙi, ya ce aikinsa bai ba shi ba, ya ce in ƙara kwana ina tunani. Na ƙara kwana uku. Ba abin da tunani ya ba ni ban da fuskarta. Suma'ila da wani mai shayi suka sa hannu.

Ba na neman ɗakina. Ba na neman kome daga abin da marigayi ya bari. Ka ba ni zaure, ko ka bar ni in nemi wanki a Zango in riƙa ganinta ranar Juma'a. Ba zan yi mata Larabci ba. Ba zan ambaci Masar ba. Abu ɗaya nake roƙo, kafin in iso a gaya mata ban koma ko'ina ba, ina hanya.

Shef ya ce in takardar masaukin ta zo ran Alhamis, zai aika da ita sama kafin Juma'a.

Allah ya saka da alheri. Ina jira.

Maryama


Birni, Damagaram,
Alhamis, 4 ga Yuli

Malama Maryama,

Bayan sallama. Takarda ta iso lafiya, an kuma yi mata rajista jiya. Na gode.

Game da ɗaya takardar, na duba abin da ake bukata. Mai rubutawa zai shaida cewa baƙuwar tana da iyali a hannunta a cikin ƙasar. Miji ya rasu, shaidar aure babu, riƙon yarinya kuma kin sauke shi da hannunki a gaban shaidu. Shekara ashirin da biyu na yi ina hulɗa da hukuma ban taɓa sa hannu a kan ƙarya ba, ba zan fara da furfura ba.

Suma'ila zai sauke miki buhunanki biyu. Daga yau ya canza hanya, Agadas zai riƙa yi, don haka ba sai kin wahalar da kanki da amsa ba.

Allah ya kai ki gida lafiya.

Alhaji Modu Yunusa