Gumin da Jhumur Take Nema a Kanada

Zuwa ga jikata Jhumur,

Kafin komai ga kacici-kacici, kuma kada ki leƙa ƙasan takarda yadda kike leƙa tukunyata. Wace cuta ce ke kama yarinyar da ta tashi tana kuka da zafin Kolkata, tana kwana kan siminti jiƙaƙƙe, ta rantse sai ta koma ƙasar ƙanƙara, ta kuwa koma, sannan ta dinga kai kanta ɗakin da aka hura wa zafi da gangan?

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya ke da mijinki Anirban. Ubangiji ya tsare ku daga sanyin can, ya ƙara muku zaman lafiya. Mu nan ƙalau, sai gwiwata da kika sani. Kawunki Tapan har gobe yana kawo kifin da ya kwana biyu a kasuwa, yana rantsuwa a gabansa aka fito da shi daga kogi. Mangwaron tsakar gida ya cika da 'ya'ya, amma tun da ɓarauniyarsa ta yi aure sai hankaki ke sha.

Mamanki ta nuna mini hotonki a waya, kin jiƙe sharkaf kina dariya. Ta ce kin ce motsa jikin yoga a ɗakin zafi ya raba ki da ciwon baya, jiki ya saki, barci ya dawo. Na ce abin da ya yi wa ƙawata daɗi ai sai na ɗanɗana. Ranar da mutanen gida suka fita, na ci shinkafata na ƙoshi, na kira Basanti maƙwabciyata ta zama shaida. Na rufe tagogin kicin, na kunna murhu, na ɗora ruwa, na tsaya da ƙafa ɗaya kamar yadda marigayi kakanki yake yi a saman soro. Gaskiya da farko na ji daɗi, gwiwar nan ta lanƙwasu kamar ta budurwa. Na rufe ido na ce yanzu ni da Jhumur gumi ɗaya muke yi. Ina buɗewa na ga bango yana juyawa. Basanti ce ta ja ni waje, tana cewa duk hanyoyin mutuwar da ke duniya ban ga wadda ta yi mini ba sai a turara ni kamar kifi a ganyen ayaba.

Mamanki ta kai ni wajen likita tana faɗa har muka isa. Shi kuma da ya gama dariyarsa ya ce abin yana da amfani ga mai lafiya, amma da ƙa'ida. A sha ruwa sosai kafin a shiga da bayan an fito, kada a shiga da cikakken ciki, in an ji jiri a fita ba kunya. Ya ce zafi yana yaudarar jijiya, mutum ya miƙe fiye da ƙarfinsa, sai washegari ya gane. Mai hawan jini irina ko mai ciwon zuciya, ba ruwansa da ɗakin. Yana wanke hannu ya ƙara da cewa mace mai juna biyu kuwa ta bar shi sai ta sauka. Sai na ga mamanki ta daskare, ta fara tambayarsa ko da cikin ƙarami ne. To, 'yar nan, haka na ji labarin. Ashe kin hana a gaya mini, don kin yanke a can za ki haihu, kina tsoron bakina.

Bakin nawa ga shi. Ki bar ɗakin nan, ki kuma gaya wa likitarki kina shiga. Sannan ki zo gida tun ana barinki hawa jirgi. Haihuwar fari a ɗakin uwa ake yi, ni a ɗakin uwata na haifi mamanki, ita ma a nan ta haife ki. Wa zai zaunar da ke ya ciyar da ke abin da ranki ke so kafin ki sauka? Anirban, da ko shayi sai ya ƙona? Ba na ce zan tafi gobe ba. Amma Tapan ya sauko da gadona ƙasa, na daina hawa soro, hannuna kuma yanzu rawa yake in na ɗaga tulu. Jariri dai zan iya ɗauka bana. Baɗi ban sani ba.

Mamanki na gaishe ki, ta ce ba ita ta faɗa ba. Tapan da matarsa Rinku suna gaisuwa, Basanti ma haka. Ki gaishe mini da Anirban, ki ce ya sako ki, aro nake nema.

Kakarki mai jiran ƙarar ƙofa,
Shefali

Amsar kacici-kacicin: kewar gida ce. Ita kuwa ba ta fita ta gumi.