Fankar Ɗakin Kanwa

Litinin, 7 ga Agusta 2023, Nguru

Babbar fankar da ke zuƙe ƙurar kanwa daga ɗakin niƙa ta fara rawa. Na kashe ta na hau. Jan fentin da Yaya Yunusa ya shafa mata bara ya yi laushi, na goga yatsa sai ya biyo ni kamar sabulun da ya kwana a ruwa. Ƙarƙashinsa tsatsa ce zalla. Fiffike ɗaya ya fi sauran kauri nesa ba kusa ba, shi ke fizgar ta gefe guda.

Mata masu tankaɗe a gindinta suke zama.

Laraba, 9 ga Agusta

Hajiya Kellu mai masana'antar ta ce ni ne mai kula da injuna, in zaɓi fenti in zaɓi mai shafawa, amma idan ƙarfe ya faɗo wa 'yar wani, ni zan je in yi wa iyayenta bayani. Ba ta ambaci Yaya ba. Ta san shi ya riƙe ni tun rasuwar Baba, shi ya sa ni a makarantar koyon sana'a.

Asabar, 12 ga Agusta, Gashuwa

Na zo wurin Yaya da niyyar faɗa masa fentinsa bai riƙe ba, na ƙare da cin shinkafa da kifi.

Da na kawo zancen fiffiken mai kauri sai ya yi dariya. Wai shi ne ya fi cinyewa, don haka ya ƙara masa shafi uku bai caji Hajiya ba. "Gyara ce na yi mata saboda kai, Muktar. Ko mai tattasai yana ƙara wa na gida." Ya faɗa yana jin daɗi. To ta ina zan fara ce masa alherinsa ne ke neman tsinke fanka? Ƙofa da taga ya saba shafawa, su kuwa ba sa juyawa.

Na ce abincin ya yi daɗi.

Lahadi, 13 ga Agusta

Kafin in shiga mota na leƙa shagon Hizbullahi, ina waige kamar ɓarawo. A wurin Yaya ya koyi aiki, suka rabu baram-baram, ga shi shagunansu na kallon juna. Ya tabbatar min da abin da nake zargi: kanwa da danshin damina suna narkar da duk fenti mai mai. Na ce a tsoma ta a tutiya irin ta kwanon rufi fa? Ya ce kanwa na cin wannan ma. Sai fentin ifoksi, mai gwangwani biyu da ake haɗawa, bayan an feshe ƙarfen da yashi ya fito fari tas, a shafa daidai wa daida a kowane fiffike, a auna nauyi. A duk yankin shi kaɗai ke da injin yashin. Shi kaɗai, don Allah.

Talata, 15 ga Agusta, Nguru

Na tayar da fankar rabin gudu saboda ƙura ta hana mata numfashi. Ɓawon tsatsa mai faɗin tafin hannu ya fizgo ya yanki Yakaka, babbar masu tankaɗen, a saman gira. Jini har wuyan hijabi. Ita ce ma ke ba ni haƙuri, wai tsautsayi ne.

Da ƙasa kaɗan ya sauka, ido ne.

Alhamis, 17 ga Agusta

Yaya ya kira, ya riga ya sayi jan fenti, wai in turo masa fankar. Na miƙe tsaye, ko da yake ba ya ganina. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, na ba Hizbullahi." Sai ya tambayi lafiyar matata Rahima da yara, ɗaya bayan ɗaya, kamar baƙo.

Na kasa cin abinci. Rahima ta ce in ma zan yi kuka in yi, ba ta gaya wa kowa.

Juma'a, 25 ga Agusta

An dawo da fankar, ruwan toka, sumul. Sai ta gama bushewa sosai za a ɗaura.

Lahadi, 3 ga Satumba

Yaya ya zo ba sanarwa. Bai nufi gida ba, masana'anta ya sauka. Fanka na cikakken gudu. Ya ɗora tafin hannunsa a jikinta ya daɗe, ko rawa ba ta yi. Ya dubi tabon da ke goshin Yakaka, ya gaishe ta. Ya ce min, "Aiki ya yi." Rahima ta aiko da abinci, ya ce ya ƙoshi.

Tun ina yaro ni ke ɗaukar masa jaka zuwa tasha. Yau na raka shi bakin ƙofa na tsaya. Akwai boris na wani inji da nake son dubawa, shi ya riƙe ni. Ina jin shi ne.