Wutar da Ta Ci Dajin Liba

Liba, 11 ga Janairu, 1993

Zuwa ga Yaya Tukur,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Amatullah da yara. Yaya cinikin albasa a Aliero? Ka gaishe mini da Inna, Allah ya ƙara mata sauƙin ƙafa.

Bayan haka, Yaya, raina a ɓace yake. Ranar Laraba ina zagayen gandun dajin da gwamnati ta ba ni tsaro, sai na iske motarka a bakin fadama, yaranka suna loda kirya da marke ɗanyu. Da na tsare su, direbanka ya yi dariya, wai dajin ƙanen maigidansu ne, kuma rumbunan albasa za a kafa. Kiryar da suka kayar ta girmi Baba. Burtu biyu ke kwana a kanta, yanzu sai yawo suke a ƙasa kamar marayu.

Na ƙyale su saboda kunyarka. Kada su dawo.

Ƙanenka,
Haidar

Liba, 15 ga Fabrairu, 1993

Yaya Tukur,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, ban san da wane baki zan fara ba.

An ce ka sayi sabuwar gingimari, kana son ka ciyar da baƙin walimarta naman daji. Mahautan Jega duk sun ƙare ne? Yaranka sun dawo da karnuka, suka kunna wa gamba wuta ta gefe uku don namun daji su fito. Iska ta juya. Sabara da geza da kalgo suka tafi kamar audugar rimi. Kaɗanyar da matan Liba ke tsintar ƙwara a gindinta duk damina ta zama gawayi.

Da wuta ta lafa na shiga. Zabin daji sun ƙone a makwancinsu. Na ga damo a bakin raminsa, ya ƙanƙance. Macen gwankin nan guda da ta rage mana, wadda na yi shekaru ina korar maharba saboda ita, na same ta a cikin kwazazzabo, ƙafa a karye, ciki ya tsufa. Ni na yanka ta da hannuna, ina hawaye.

Wannan duk dabba ce, za ka ce. To, ka san tsoho Sambo mai zuma, wanda amyoyinsa ke rataye a ɗorayin gandu. Ya shiga wutar don ya sauko da su. Mun fito da shi hannuwansa biyu sun saɓule. Yana asibiti a Jega, matarsa Iyatu ke ba shi fura a baki.

Hakimi ya tambaye ni ko na san masu wutar. Na sani, kuma zan faɗa.

Haidar

Liba, 26 ga Afrilu, 1993

Yaya,

Ina gaishe ka don Allah ya ce a yi zumunci. Ina fatan yara lafiya.

Na ji abin da kake yaɗawa a kasuwa, wai na sayar da ɗan'uwana saboda ƙadangaru. Na tsaya gaban alƙali na faɗi abin da idona ya gani, ban ƙara ko ƙwayar gero ba. Kai ko zuwa ba ka yi ba. Ka bar direbanka ya ɗauki laifin, an ɗaure shi, kai kana zaune bisa buhunan albasa. Sannan ka je ka cika wa Inna kunne. Na zo gaishe ta, ta juya mini baya, ta ce, “Wanga ba ɗana ba ne.” Yaya, wannan ta fi wutar ƙuna, kuma kai ka hura ta.

Jiya takardar canjin wurin aiki ta iso. An maida ni can bakin iyaka. Na san abokanka ne suka yi maka aikin. Ka ji daɗi. Sai dai mutanen Liba sun taru a ƙofar hakimi sun yi rantsuwa: motar da ta sake shiga gandun nan ba za ta fito da tayoyinta ba.

An sallamo Sambo. Yatsunsa sun manne, ba ya iya riƙe buta, Iyatu ke yi mishi alwala. Ƙudan zumansa sun watse. Bai taɓa zaginka ba, abin da ya ce kawai shi ne yana so ya ga mutumin da aka yi wa farautar.

Zan cika mishi burinsa kafin in tafi. Ranar kasuwar Aliero zan ɗauko shi a kan kekena, in zaunar da shi a ƙofar rumfarka, a gaban dillalai da masu awo. Ba abin da muke roƙo. In ya miƙo maka hannu, sai ka san yadda za ka gaisa da shi.

Wassalam.

Ƙanenka, ko kana so ko ba ka so,
Haidar Gado