Hannun da Muka Fara Mu Biyu

Litinin, 28 ga Afrilu

Ƙwai na uku ke nan da hannun ƙarfen da muke ƙerawa ya fasa. Kaka Chinca ta leƙo ta ga gwaiduwa na bin teburinta, ta ce, "Idania, in ƙarfen nan naku ya ƙara cin ƙwaina, ke da shi za ku wuni da yunwa." Ta ba mu lemon tsami mu riƙa gwaji da shi. Ƙawata Marbelis ta yi ta dariya har da buga ƙafa. Ta ce laifin yatsun da na ƙera ne, na ce laifin rubutunta ne.

Haka muke tun Janairu. Ni ke yanka bututun roba ina ɗaura ƙananan injinan da muka ciro daga matattun firintocin makaranta, ita ke rubuta umarnin da ke gaya wa hannun yadda zai motsa. Ban taɓa leƙa rubutunta ba, ita ma ba ta san yadda ake riƙe sukundireba ba. Gasar kimiyya ta makarantun jiha ran 6 ga Yuni ce, a Maracaibo. Mun riga mun sa a takarda: hannun mutum-mutumi mai ɗaukar ƙwai ya ajiye a kiret bai fasa ba. Baki ya ja mana.

Alhamis, 1 ga Mayu

Hutu. An ɗauke wuta tun ƙarfe sha ɗaya, garinmu Cabimas kamar cikin tanda. Marbelis ba ta zo ba, wai kanta ke ciwo.

Talata, 6 ga Mayu

Sun tafi.

Kwana biyu ba ta zo aji ba, na je gidansu na tarar da kwaɗo. Maƙwabciyarsu mai suyar ayaba ta ce, "Ai jiya suka hau motar Maicao ta kan iyakar Kolombiya, Chile za su, wurin ubanta. Au, ba ta gaya miki ba? Wata guda fa suna sayar da kayan ɗaki, har gadon."

Wata guda. Ran Asabar ɗin nan ta zauna a kujerar nan, ta ci arepa, wainar masarar nan, har biyu, ta ce mako mai zuwa za mu gyara wuyan hannun. Tana kallon idona.

Kwamfutar ma da ita ta tafi. Duk rubutun yana ciki.

Laraba, 7 ga Mayu

Ban je makaranta ba.

Juma'a, 9 ga Mayu

Saƙo daga wata tasha a Kolombiya. "Ƙawata ki yafe ni, Mama ce ta hana in faɗa wa kowa. Da mun isa zan turo miki rubutun." Na karanta sau nawa ban sani ba. Ban amsa ba, kuma ba zan amsa ba. Kowa? Ni ce kowa?

Talata, 13 ga Mayu

Malam Atilio ya tsayar da ni bayan darasi. Kwana biyu kawai yake zuwa a mako yanzu, sauran yana shagonsa na gyaran fanka. Ya ce, "Mu janye suna ko, 'yata? Ba abin kunya ba ne." Ya ce, "Ni waya da dalma na sani. Wannan rubutun naku na zamani, in na ce zan koya miki na yi ƙarya." Sai ya ciro wani littafi da bangonsa ya yage, da makullin ɗakin kwamfuta. Guda ɗaya ce ke aiki a ciki, ita ma sai an lallashe ta.

Na karɓa don kawai ban san yadda zan ce masa a'a ba.

Mu talatin da ɗaya muka fara ajin nan. Yau na ƙirga, sha tara.

Asabar, 17 ga Mayu

Ban gane komai ba. Waƙafi ɗaya in ya ɓace, komai ya tsaya, kuma ba zai gaya maka inda ya ɓace ba. Wuni guda na yi, abin da na samu shi ne hannun ya ɗaga ya mari kansa. Da tana nan da ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Wataƙila dama ni 'yar yankan bututu ce kawai.

Laraba, 21 ga Mayu

Wuta ta dawo da ƙarfi da la'asar, hannun yana jone. Na ji ƙauri kafin in ga hayaƙin. Injin kafaɗa ya ƙone ƙurmus, kuma shi ne mafi ƙarfi cikin duka. Na zauna a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba ran da na ga kwaɗon. Kaka ta tsaya a kaina riƙe da ludayi, ta ce, "To yi ki gama. Amma ki gaya mini wanne kike wa, ƙarfen ko yarinyar?" Na ce ƙarfen. Ta ce, "Uhm," ta koma kan tukunyarta.

Juma'a, 23 ga Mayu

Wani saƙon. Sun sayar da kwamfutar a Peru don su ci gaba da tafiya. Rubutun ya tafi har abada. Shi ke nan, ba abin jira kuma.

Malam ya kawo injin ɗaga gilashin wata tsohuwar mota. Ya yi nauyi, dole in sake kafaɗar daga farko. Yatsuna duk yanka.

Alhamis, 29 ga Mayu

Ya ɗauki lemon tsami ya ajiye. Huɗu cikin goma. Da rubutuna.

Na juya in ce "kin gani?" Sai kujera.

Talata, 3 ga Yuni

Ƙwai: ɗaya cikin biyar. Saura kwana uku. Kunya kawai zan je in kwaso.

Juma'a, 6 ga Yuni

Mun haye gadar tafkin Maracaibo a bas, ni da Malam, hannun a cinyata cikin kwalin taliya. Zauren cike. Teburin kusa da nawa 'yan makarantar kuɗi ne, su huɗu, riguna iri ɗaya, hannun da suka ƙera fari sumul kamar daga kanti. Ɗayansu ya kalli nawa ya ce, "Famfon gidanku ne wannan?" Na ce eh, in ya matso zai sha ruwa.

A kan teburina akwai kati da suna biyu. Alƙaliyar, wata mai furfura da tabarau, ta karanta ta ce, "Ina ta biyun?" Na ce tana Chile. Ta gyaɗa kai ta ce, "Nawa ɗan yana Lima, can Peru."

Na danna. Hannun ya sauka, ya kama ƙwan, ya ɗaga. Ya juya a hankali yana rawa. Saura ɗan yatsa ya kai kiret, sai ya buɗe. Ƙwan ya fashe a gefen tebur ya tsiyaya kan takalmin Malam. Na biyun tun bai ɗaga ba ya matse shi.

Ban iya kallon kowa ba. Matar ta ce, "Wa ya yi rubutun?" Na ce ni. Ta ce in nuna mata. Na nuna, layi bayan layi. Ta yi tambaya uku, na amsa biyu. Ta rubuta wani abu ta wuce.

Ba mu ci komai ba. Takardar halarta kawai, da sunayenmu biyu. Malam ya saya mini ƙanƙara mai zaƙi a bakin tasha, ya ce, "Ya fa ɗaga, kowa ya gani." Na riƙe har ta narke a hannuna. A kan gada na so in wurga kwalin cikin tafki. Tagar ce ba ta buɗuwa.

Lahadi, 8 ga Yuni

Saƙon murya tun ran Juma'a, sai yau na saurara. Muryarta ta dishe, ina jin ƙarar kwanoni a bayanta. Ba ta shiga makaranta ba, babu takardu. Wanke-wanke take a wani gidan abinci a Santiago, babban birnin Chile, sanyi ya farfasa mata hannu. Ta ce, "Na san yau ce ranar. Kin je? Idania, ya ɗauka? Ko zagi ne ki turo mini, don Allah."

Sau ɗaya na saurara. To, sau uku.

Talata, 10 ga Yuni

Na koma ɗakin kwamfuta, don in mayar da makulli kawai. Tunda na shiga sai na buɗe rubutun. Ina zargin layi na arba'in, yatsun suna buɗewa kafin gwiwar ta gama tsayawa, amma na kasa gane dalili.

Na ɗauki hoton shafin na tura mata. Ba gaisuwa, ba komai. Layin kawai na zagaye, na sa alamar tambaya. Ai ba ni da wani wanda zan tambaya, shi ya sa.

Ko minti biyu ba a yi ba: "Wa ya koya miki wannan haukar? Turo sauran in gani."

Malam ya leƙo ya ce me ya ba ni dariya. Na ce tari ne.

Ba shiri muka yi ba. Sauran shafi shida ne, na tura huɗu.