Saƙon Inna da Ban Kai Ba

Assalamu alaikum masu wannan shafi. Tsoho ne ni, karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba. Ku ɓoye sunana, kuma don Allah ku ji ni kafin ku zage ni.

Zamanin Turawa agana, cutar ƙuraje mai yaɗuwa, ta shigo ƙauyenmu wajen Kunduru, ta kama yayana. Duba-gari ya sa aka yi masa bukka a bayan gari, shi kaɗai. Inna tana goyo, aka hana ta zuwa, ni aka ɗora wa kai masa fura. Kullum sai ta riƙe hannuna tana kuka ta ce, "Ka ce masa ina nan, ban yi barci ba, ina yi masa addu'a." Ni kuwa tsoro ya cika ni, sai in dire ƙwarya gindin tsamiya in zura da gudu. Wata rana ya leƙo, fuska duk ƙuraje, ya ce, "Tsaya mana, ko daga nesa ka yi mini magana! Inna ta ce me?" Don in samu in tsere na ce, "Ba ta ce komai ba." Me ya kai bakina? Minti nawa faɗar saƙon zai ɗauke ni?

Ya warke, amma ba shi ne ya dawo ba. Ba ya zama cikin mutane, ya ƙi aure, sai hira da kansa a gona. Bai ƙara kiran ta Inna ba har ta rasu, tana tambaya ta laifin da ta yi masa, ni kuwa ina sunkuyar da kai.

Yanzu duk mun tsufa, yana ɗakin soro a gidana, ciwo ya kwantar da shi. Jikokina suna cewa aljanu ne, abin yana ƙona mini rai. Wane aljani? Ni ne! Ranar Juma'a na ce mu yi wa Inna addu'a, ya ce, "Yi wa uwarka. Ni kai ne uwata, kai kaɗai ka zo."

In na faɗa masa gaskiya, na raba shi da mutum ɗaya da ya yarda da shi a duniya. In na yi shiru, zai mutu yana ƙin matar da ba ta taɓa barin sa ba.

Jama'a, ciwonsa ya yi nisa. Me zan yi?