Waken da Ƙwaro Ya Huda

Gidan Amumune, bayan kaka

Zuwa ga Yaya Zara'u,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara da mutanen Tasawa. Mu nan sai godiya, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Yaya, ba zan ɓoye miki abin da ke cina ba, ƙanenmu Rabilu ne. Kin san yadda nake masa dariya yana jidar kashin awaki zuwa gona, yana jiƙa ganyen bedi, wato dogon yaro, yana yayyafa wa wake. Ni kuwa takin zamani da feshi, in an casa in jefa ƙwayar magani cikin buhu. Wakena fari tas, ko huda ɗaya babu.

To, sai ga wata ƙungiya daga Maradi tana neman abin da suke kira biyo, wato amfanin gonar da bai ga takin zamani ko maganin kanti ba. Na fito da buhuna ina taƙama. Shugabarsu ta ce kyan ido ba shaida ba ne, sai sun ga gona, sun ji me aka zuba, sun duba yadda aka adana. Suka zagaya gonar Rabilu, suka tarar da wakensa binne cikin toka, suka buga wa buhunansa hatimi. Nawa ko kallo na biyu bai samu ba!

Yanzu a kasuwar Mayahi sai ki ji ana Malam Rabilu. Rabilun da na koya wa riƙon hauya! Wallahi haushi nake ji, Allah ya yafe mini. Na dai rantse wakensa ba zai shiga tukunyar gidana ba.

Ki gaida kowa.
Ƙanenki, Lamine

Zuwa ga Yaya Zara'u,

Bayan gaisuwa, ya jikin autarki? Saƙonki ya iso, na ji faɗan, na kuma haɗiye.

Ashe ana yi da ni a gidana ban sani ba. Jiya ina cin shinkafa da wake, sai ga ƙwara ɗaya da hudar ƙwaro a hannuna. Na tona kwanon, ga wata. Yaya, ƙwaro bai isa ya kusanci buhuna ba, nan take na san daga inda waken ya fito.

Na kira matata Hamida. Ba ta musa ba. Ta ce tun da cikinta ya tsufa, in ta buɗe buhuna warin maganin sai ya juya mata kai, ta faɗa wa Inna, Inna ta riƙa auno mata na Rabilu a ɓoye. Uwata da matata! Raina ya ɓaci, na tashi in ɗebo nawa a dafa a gabana. Ina kwance bakin buhun warin ya doke ni har sai da na kau da fuska. Na dubi cikin Hamida, na mayar da igiya na ɗaure. Na koma na cinye abincin, kuma abin takaici, da daɗi.

Har yanzu in na ji an ce Malam Rabilu sai ƙirjina ya yi zafi. Amma don Allah in ya zo Tasawa ki tambaye shi yadda ake jiƙa ganyen bedin nan, kamar ke ce kike son sani. Kada ki ce ni ne.

Ki huta lafiya.
Naki, Lamine