Jif mai giya uku

Yaya Sale,

Gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya yara? Ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Na sayi jif ɗin a nan Agege, 'yar Kwatano ce, wato ta hannu daga waje, ta sha tafiya. Sai dai a cunkoson Oshodi na gwada ta, inda ba a wuce giya ta biyu. Da na hau hanyar Ibadan na tarar ta huɗu ba ta shiga.

Bakanike ya ce in jira kaya. Ba zan jira ba, ita kaɗai za ta ratsa rafinmu ta kai Inna asibiti.

A sa ni a addu'a, a gaida kowa. Ka ce wa Inna ina tafe a giya ta uku. Zan daɗe, amma zan iso.

Ƙaninka,
Habu